Zoɓon Jigawa: Yadda ake gane nagari da abin da ke rage masa daraja

Zoɓo, ko zoɓorodo kamar yadda wasu ke kiransa, shi ne jan abin shan da ya fi kowanne yaɗuwa a ƙasar Hausa. Ana shan sa a gidan biki da gidan suna, ana buɗe baki da shi a watan azumi, ana kuma sayar da shi a ƙulle cikin leda a ƙofar makarantu da tashoshin mota.

Baya ga haka, ya shiga sahun amfanin gonar da Nijeriya ke fitarwa zuwa ƙasashen waje.

Jihar Jigawa ce ake ɗauka a matsayin kan gaba wajen nomansa a ƙasar, musamman ƙananan hukumomin da ke arewacinta, kama daga Maigatari da Gumel da Sule Tankarkar ya zuwa Babura da Kazaure da Roni da Gwiwa a arewa maso yamma.

To sai dai da wuya mai shan sa a birnin Hamburg na Jamus ko a birnin Meksiko ya taɓa jin sunan ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa. Kafin buhu ya isa tashar jiragen ruwa ta Legas, ya riga ya gauraya da na wurare da dama, babu sauran mai iya cewa ga gonar da ya fito.

Tsiron da sunayensa

Zoɓo ɗan yakuwa ne. Bahaushe ya bai wa kusan kowane sashe na tsiron sunansa: ganyen shi ne yakuwa, wadda a wasu sassan ake kira sure, ƙwayar irin ita ce gurguzu, jan ƙoƙon da ke lulluɓe da irin kuma shi ne zoɓo. Masana tsirrai na kiransa Hibiscus sabdariffa, kuma dangi ɗaya yake da rama da kuɓewa da auduga.

'Yan kasuwa kan ce da shi fure, har a takardun fitar da kaya ma haka ake rubutawa, amma furen yakuwa daban yake. Launinsa fatsi-fatsi ne mai jan ciki, yana buɗewa da safe, kafin yamma ya yanƙwane. Bayan ya faɗi ne ƙoƙon da ke riƙe da shi yake kumbura, ya yi nama, ya yi ja. Wannan ƙoƙon shi ake girba.

A Masar da Sudan sunansa karkade, a Senegal bisaf, a Ghana sobolo, a Meksiko kuwa suna kiransa da sunan tsibirin Jamaika.

Iri uku ne aka fi sani a kasuwannin arewacin Nijeriya. Akwai mai duhu wanda jansa ya kusa zama baƙi, akwai ja mai haske, sannan akwai fari, wanda aka fi yin miya da shi. Mai duhun ya fi ba da launi, mai hasken kuma ya fi tsami, shi ya sa mata da yawa masu dafawa don sayarwa kan haɗa biyun.

Ƙasa da girbi

Yakuwa ba ta da tsirfa wajen ƙasa. Tana yi a jigawa, watau ƙasa mai rairayi irin wadda jihar ta samo sunanta daga gare ta, kuma tana jure ƙarancin ruwa fiye da masara. Abin da ba ta so shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi.

A yankin Kazaure da Babura damina ba ta cika wuce watanni huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. A da can a gefen gonar gero ko gyaɗa ake shuka yakuwa, ta zama iyaka tsakanin maƙwabta, mata su riƙa tsinkar ganyen don fate da miya. Sai da masu saye daga waje suka fara zuwa ne manoma suka soma ware mata gona sukutum, kamar yadda suka yi wa riɗi.

Tsiron yana da wata ɗabi'a da kowane manomi ya sani ko da bai san dalilinta ba: ba ya yin fure sai yini ya fara gajarta, wajen watan Satumba zuwa Oktoba. Wanda ya makara da shuka, yakuwarsa za ta yi fure tana ƙarama, ƙoƙon ya zo kaɗan.

Girbi yana kamawa ne da shigowar hunturu, daga Nuwamba zuwa Disamba, wani lokacin har Janairu. Busasshiyar iskar wannan lokacin babbar gata ce ga manoman yankin, domin tana busar da zoɓo cikin 'yan kwanaki ba tare da wata na'ura ba.

Aikin da ya fi wahala shi ne raba ƙoƙon da kwanson gurguzu. Da hannu ake yi, ɗaya bayan ɗaya, galibi mata da yara, kuma kwanson yana da ƙaiƙayi mai cin yatsu. Bayan duk wannan, sai an shanya kimanin kilo 10 na ɗanye kafin a samu kilo 1 na busasshe.

A nan ne ingancin zoɓo yake tabbata ko ya lalace. Wanda aka shanya a kan tabarma ko tamfol yana fitowa da tsabta. Wanda aka baza a ƙasa yana kwasar rairayi da kashin dabbobi. Wanda aka tara tuli guda kafin ya bushe yana yin gumi, ya soma fumfuna daga ciki, kuma babu wankin da zai fitar masa da wannan warin.

Ido, hanci, harshe

Dillalin da ya ƙware ba ya buƙatar ɗakin gwaji kafin ya yanke wa buhu farashi. Yakan zura hannu can tsakiyar buhun, ba saman da aka gyara don ido ba, ya damƙo.

Abu na farko launi. Sabon zoɓo nagari yana da ja mai zurfi da ɗan sheƙi. Idan jan ya koma ruwan ƙasa, ko ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa toka, to ko dai ya kwana biyu, ko rana ta dake shi fiye da kima, ko kuma danshi ya taɓa shi.

Na biyu ƙara. Idan aka matse busasshen zoɓo a tafin hannu yakan yi ƙaras-ƙaras ya kakkarye. Wanda ya lanƙwashe kamar fata yana da sauran ruwa, kuma mai saye zai biya kuɗin nauyin ruwan, sannan ya yi asarar kayan a rumbu. Masu saye na ƙasashen waje kan nemi danshin kada ya wuce kashi 12 cikin 100.

Sai a duba girman ƙoƙon da cikarsa. Wanda ya fito ɗungurungum ya fi gutsattsari daraja, ko da yake kamfanonin shayi na Turai kan sayi gutsattsarin ma, tun da niƙa shi za su yi. Tsakuwa da itatuwa da gurguzun da ya maƙale duk suna rage farashi.

Daga nan sai hanci. Ƙamshin zoɓo mai kyau yana da ɗan tsami-tsami irin na busasshen 'ya'yan itace. Warin ruma, ko warin hayaƙi, ko na maganin ƙwari, ko na buhun taki da aka sake amfani da shi, kowanne alama ce ta inda aka ajiye shi.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne na ruwa. A zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi, a tsiyaya ruwan sanyi, a jira. Zoɓo nagari yakan fara sakin launi nan take, jan ya riƙa saukowa kamar zare. Bayan ɗan lokaci ruwan zai yi ja garau, ana hango haske ta cikinsa. Idan ya yi gurɓi-gurɓi, ko rairayi ya kwanta a gindin kofin, an san abin da ake ciki. Wanda aka ƙara wa launin kanti kuwa, jansa yakan fita gaba ɗaya lokaci guda, ya bar ƙoƙon a koɗe.

Ɗanɗanawa ta gaskiya ba ta yiwuwa da sukari. Yawancin masu sha ba su taɓa jin ɗanɗanon zoɓo tsantsa ba, domin kafin ya iso gare su an cika shi da sukari da citta da kanumfari da ɓawon abarba, wani lokacin har da garin ɗanɗano na kanti wanda ke danne komai. Waɗannan kayan haɗi suna da daɗi a wurinsu, amma su ne kuma mafakar zoɓo maras kyau.

Wanda ya kurɓi jiƙon zoɓo ba tare da komai ba zai fara jin tsami a gefen harshe. Tsamin nagari yana da kaifi amma ba ya ƙona maƙogwaro. Bayansa sai ɗan bauri, irin wanda ke sa baki ya bushe kaɗan, ko da yake bai kai na goro ba. A ƙarshe akwai wani garɗi da ke saura a baki bayan an haɗiye. Zoɓon da ya tsufa yana riƙe tsaminsa amma garɗin ya tafi, sai ya zama kamar ruwan tsami mai launi.

Yadda aka haɗa shi ma yana sauya komai. Jiƙo na dare ɗaya a ruwan sanyi ya fi fito da ƙamshi da launi mai haske, amma sai an tabbatar da tsabtar ruwan da ta zoɓon. Tafasa ta fi kashe ƙwayoyin cuta, ta kuma fi fito da kauri, sai dai idan ta daɗe a wuta takan ƙara bauri ta dusar da jan. Tukunyar baƙin ƙarfe tana sa shi duhu. Lemun tsami yana ƙara masa haske, kanwa ko ruwan toka kuwa suna karya tsamin su juya launin ya koma shuɗi-shuɗi, abin da kowace mai girki ta taɓa gani a tukunyarta.

Abin da ya sa ba ya son tsufa

Sinadarin da ke bai wa zoɓo jansa ana kiransa antosayanin. Dangin wannan sinadarin ne ke cikin ɓawon baƙin inabi, kuma shi ke rina jar giyar inabi da ƙasar Faransa ta yi suna a kanta.

Giya haramun ce a addinin Musulunci, kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka fara aiki da Shari'a a shekarar 2000. Amma masu nazarin kasuwar amfanin gona ba sa iya kauce wa misalin Faransa, domin babu inda aka kai ta wajen mayar da ɗanɗano da shekarar girbi da sunan gona su zama dukiya.

A yankin Bordo da ke kudu maso yammacin ƙasar, manyan gidajen gona kan zuba ruwan inabin a gangunan katako masu cin lita 225, ya yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin a ɗura shi a kwalba. Daga nan a jera kwalaben a kwance cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu duhu da sanyi, wasu su shekara 20, wasu 50.

Abin da ke ba shi damar jure wannan zaman shi ne wani sinadari mai suna tanin, wanda ke cikin ɓawon inabi da ƙwayarsa da kuma katakon gangar. Bahaushe ya san tanin ko da bai san sunan ba, domin shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jeme fata da ita, shi ne kuma ke kawo bauri. A cikin kwalba, tanin yakan haɗu da sinadarin launi sannu a hankali, baurin ya yi laushi, launin ya tashi daga ja mai duhu ya koma ruwan jan bulo, wani gari-gari ya kwanta a gindi.

Ƙwararrun masu ɗanɗanawa a can suna bin matakai uku, kusan irin na dillalin zoɓo: su karkata kofi a kan farin ƙyalle su duba launi, su juya shi su shinshina, sannan su kurɓa su jujjuya a baki. A wurin gwaji ba sa haɗiyewa, tofarwa suke yi. Daga launin bakin kofin kaɗai suna iya kintatar shekarun abin da ke ciki. Ko a Faransar ma, kaso kaɗan ne na abin da ake samarwa ke ƙaruwa da tsufa, saura an yi shi ne don a sha cikin 'yan shekaru.

Zoɓo bai da isasshen tanin da zai riƙe masa launi, babu kuma barasar da za ta kare shi daga ruɓewa. Zafi da haske da danshi duk suna karya antosayanin. Saboda haka alamar da mai ɗanɗanawa a Bordo ke murna da gani, watau ja ya soma komawa ruwan ƙasa, ita ce alamar da ke sa dillali a Babura ya rage kuɗi.

Busasshen zoɓo da aka adana a wuri mai duhu, a kan katako ba a ƙasa ba, yana iya kai wa girbi na gaba da sauran ƙarfinsa. Damina ce babbar jarrabawarsa, domin yana janyo danshin iska. Manomin da ya ɓoye kayansa yana jiran farashi ya tashi, caca yake yi tsakanin tashin kuɗi da dusashewar launi.

Dafaffen kuwa kwanansa bai da yawa. Idan akwai sukari a ciki kuma babu firiji, a zafin bazara yini ɗaya zuwa biyu ya isa ya fara kumfa, ledar ta kumbura, ɗanɗanon ya juya. Wannan alama ce ta cewa ƙwayoyin halitta sun soma cin sukarin, kuma abin da ya kai wannan matsayin zubarwa ya kamata a yi, ta fuskar lafiya da ta addini baki ɗaya.

Darajar suna

A shekarar 1855, lokacin da ake shirin babban bajekolin duniya a birnin Paris, Sarki Napoleon na Uku ya nemi a jera gonakin inabin Bordo bisa daraja. Dillalan birnin ne suka yi aikin, kuma ma'aunin da suka yi amfani da shi shi ne farashin da kowace gona ta saba samu a tsawon shekaru.

Sun kasa gonakin jar giyar gida biyar. Huɗu ne suka shiga sahun farko: Lafite da Latour da Margaux da Haut-Brion. Babban sauyi ɗaya da aka yi wa jerin tun daga lokacin shi ne na shekarar 1973, sa'ad da aka ɗaga gonar Mouton Rothschild zuwa sahun farko bayan mai ita ya shafe shekaru yana fafutuka.

A shekarar 1935 kuma Faransa ta kafa dokar da ta tanadi cewa babu mai liƙa sunan wani yanki a kayansa sai a can aka noma su, kuma bisa ƙa'idojin da aka gindaya, tun daga irin da za a shuka har yawan abin da za a girba a kowace kadada. Tsarin bai tsaya kan inabi ba, ya haɗa da cuku da kaji da man shanu.

Sakamakon wannan a fili yake. Gonar Romanée-Conti da ke yankin Burgundi ba ta kai kadada 2 ba, amma a watan Oktoban 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya tata ta girbin 1945 a kan dala 558,000 a birnin New York. Kwalabe 600 kacal aka samar a waccan shekarar. Inda suna ya yi irin wannan tsada kuwa, ba a rasa 'yan damfara: a shekarar 2014 wata kotu a Amurka ta ɗaure wani ɗan Indonesiya mai suna Rudy Kurniawan shekaru 10 saboda ɗura giya mai araha a tsofaffin kwalabe yana liƙa musu sunayen manyan gonaki.

Babu mai tsammanin zoɓo zai kai wannan farashin. Amma tsarin kare sunan wuri ya riga ya iso Afirka. A shekarar 2013 hukumar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha a ƙasashen da akasarinsu ke amfani da Faransanci, ta yi rajistar barkonon Penja da farar zumar Oku na Kamaru, da kuma gahawar Ziama-Macenta ta Gini. Daga baya Jamhuriyar Nijar ta yi rajistar kilishinta da albasar Galmi. Nijeriya ba ta cikin wannan hukumar, kuma zoɓon Jigawa bai da irin wannan rajista.

Hanyar da yake bi zuwa kasuwa ma ba ta barin suna ya rayu. Manomi ko matarsa kan kai 'yan tiyoyi kasuwar ƙauye, ƙananan dillalai su tara su cika buhu, manya su loda a mota zuwa Maigatari, wadda kasuwarta ke ci ranar Alhamis, ko kuma kai tsaye zuwa kasuwar Dawanau a Kano. A can ake zazzage buhunan, a tsince, a tankaɗe, a sake ɗurawa. Na Roni ya haɗu da na Gumel, ya haɗu da wanda ya tsallako daga Damagaram da Maraɗi. Da yake kaya ne maras nauyi mai cin wuri, babbar kwantena ba ta ɗaukar fiye da kimanin tan 12.

A irin wannan tsarin, matar da ta shanya nata a kan tabarma ta tsince shi tsaf, da wanda ya baza nasa a ƙasa, bambancin abin da za su samu bai taka kara ya karya ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa inganci ke wahalar ɗorewa, fiye da rashin sani da ake yawan ɗora wa manoma.

Sudan ta ɗan sha bamban. An daɗe ana ɗaukar karkaden yankin Kordofan a matsayin wanda ya fi kowanne kyau a kasuwar duniya, har masu saye kan nemi shi da sunansa. Yaƙin da ya ɓarke a ƙasar a watan Afrilun 2023 ya shafi yankunan da ake nomansa.

Darasin Meksiko

Meksiko ce babbar kasuwar zoɓon Nijeriya. Mutanen ƙasar suna shan sa da sanyi a gidajen abinci da bakin titi, kuma abin da suke nomawa, akasari a jihar Guerrero, ba ya isar su.

A cewar hukumar NAQS mai kula da lafiyar amfanin gonar da ke shiga da fita Nijeriya, a cikin watanni 9 na shekarar 2017 an aika kwantena 1,983 zuwa Meksiko, waɗanda kuɗinsu ya kai dala miliyan 35.

A shekarar 2018 Meksiko ta dakatar da shigar da shi, bayan da jami'anta suka gano wani ƙwaro mai suna khapra a cikin wasu kwantenoni. Ƙwaron ɗan ƙarami ne, asalinsa daga yankin Indiya, kuma yana cikin mafiya haɗari ga hatsin da aka adana, domin tsutsarsa tana iya laɓewa a tsagar bango ko ɗinkin buhu ta yi watanni ba ta ci komai ba. Ba a gona yake kama zoɓo ba. A rumbu yake shiga, ta hanyar tsofaffin buhuna da ɗakunan ajiyar da aka taɓa zuba hatsi.

Farashi ya faɗi warwas a kasuwannin Jigawa da Kano, kaya suka yi kwantai a hannun 'yan kasuwa, manoma da dama suka rage shuka. Sai bayan an shafe shekaru ana tattaunawa tsakanin hukumomin ƙasashen biyu aka ci gaba da cinikin, bisa sharaɗin a riƙa turara kayan da maganin ƙwari a wuraren da aka amince da su kafin a loda.

Da yake babu hanyar gano rumbun da ƙwaron ya fito, hukuncin ya hau kan kowa, har da manomin Gwiwa da bai taɓa ganin kwantena ba.

Lafiya

An daɗe ana cewa zoɓo yana rage hawan jini, kuma akwai binciken da ya goyi bayan hakan. A wani nazari da masana na Jami'ar Tufts ta Amurka suka wallafa a shekarar 2010, an bai wa wasu daga cikin mutane 65 masu matsakaicin hawan jini kofi 3 na shayin zoɓo kullum har makonni 6. Awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7, yayin da na waɗanda aka bai wa abin sha na kwaikwayo ya sauka da kimanin maki 1.

Wannan zoɓo ne da ba a cika shi da sukari ba, kuma likitoci na gargaɗin cewa ba ya maye gurbin magani. Ana shawartar masu juna biyu da masu shan maganin hawan jini su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi abin sha na kullum.

Haɗarin da ya fi kusa da mai saye a titi shi ne na ruwan da aka yi amfani da shi da kuma kayan haɗi. A shekarar 2021 mutane sun rasu a Kano, an kuma kwantar da ɗaruruwa a asibiti, bayan shan abubuwan shan da aka haɗa da gurɓataccen garin da aka sayar musu da sunan ɗan tsami. Zoɓo nagari yana da tsaminsa, ba ya buƙatar ƙari.

Gurguzu

Sashe ɗaya ne na yakuwa da ake barin sa ya ruɓa da gangan, shi ne gurguzu. Mata kan dafa shi ya yi laushi, su daka, su rufe shi na 'yan kwanaki har ya yi wari, sannan su cura su shanya. Abin da ke fitowa shi ne daddawar batso, mai ƙarfin ƙamshi fiye da ta kalwa, wadda ke iya yin watanni a ajiye ba ta lalace ba.

Ana yin irinta a Burkina Faso da sunan bikalga, a Mali datu, a Sudan furundu. A ƙauyukan arewacin Jigawa da kudancin Nijar ita ce ke tsayawa a madadin nama a miyar kuka idan hannu ya yi ƙunci, kuma tsofaffin mata kan iya faɗin gidan da aka yi ta daga ƙamshinta kaɗai.

Masu fitar da zoɓo waje ba sa sayen gurguzu. Idan suka same shi a buhu ma, cikin datti suke lissafa shi.